Injin waldar faiba ya nuna 0.01 amma gidaje shida babu intanet, laifin wa?

Auwalu Ɗan Koyo: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Shekaranjiya katafilar masu gyaran kwata ta tsinke mana kebul ɗin faiba mai silin gilashi 24 da ke kai wa wata unguwa. Babu rarar da za a jawo, sai muka ƙara guntu mai mita 80 a tsakani, tulu biyu ke nan, wato mazubin da ake rufe haɗin a ciki, walda 48. Ni na yi tulu ɗaya, abokin aikina ya yi ɗayan. Bayan isha'i muka fara, ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe uku na dare. Duk waldar da na yi inji asarar haske 0.01 ko 0.02 yake nuna mini a ma'aunin dB, har da 0.00. Kowa ya dawo, sai gidaje shida da ke kan akwati ɗaya, sili na bakwai. Su mitar auna ƙarfin haske tana ba ni -28 zuwa -29, rauta ta kama ta saki, wani lokaci ta kunna jar fitila. Oga ya ce injina ne, ɗan Caina ne, wai in nemo aron na Japan in sake. Aron kuwa kuɗi ne, kuma daga aljihuna. Da gaske injin ne?

Sani Kuloja: Wa alaikumus salam. Ogan naka ya faɗa maka gaskiya. Araha ba ta ado, ƙanena. Ni tun da na riƙe Fujikura ɗan Japan ban ƙara waiwayar waɗannan ƙananan injinan ba. Lambar da suke nuna maka ta faranta rai ce kawai.

Garba OTDR: Sani, dakata tukun. Auwalu, kafin a rataye inji ba mu lissafi. Nisan nawa ne daga ofis zuwa akwatin? Sifilita, wato abin raba haske, nawa ne a hanya? Kuma kafin a tsinke, nawa gidajen nan suke karantawa?

Auwalu Ɗan Koyo: Oga Garba, kamar kilomita shida. Sifilita biyu, kowacce mai raba takwas. A takardar da aka cike lokacin da aka sa musu, -21 da -22 aka rubuta.

Garba OTDR: Yawwa, to mu lissafa. Haske yana fita daga ofis da kamar +3. Sifilita mai raba takwas tana cin kusan 10.5, biyu sun ci 21. Kilomita shida ba za su ci fiye da 2 ba. Kanektoci da tsofaffin walda a ba su 1.5. An tashi a 24.5, ka cire daga 3, ka sauka a -21.5. Ka ga takardar ba ta yi ƙarya ba. Yanzu kana -28 da ɗoriya, wato dB bakwai sun yi layar zana. Rauta irin ta GPON kuma, wato tsarin faibar gidaje, daga -27 take fara shure-shure, shi ya sa take kamawa tana saki. Tambayata ga Sani: injin da ya yi walda 23 lafiya a dare ɗaya, da hannu ɗaya, shi ne zai zaɓi ta 24 ya ci mata dB bakwai? An bar jaki ana dukan taiki.

Sani Kuloja: Wa ya gaya maka 23 ɗin lafiya suke? Haske ya wuce kawai, ba wanda ya auna. Je ka harba OTDR, na'urar da ke auna asarar haske a kowane haɗi, ka ga yadda za su fito 0.15, 0.2.

Garba OTDR: Wannan kuma na yarda da kai, ba a auna ba. Amma ba ita ce matsalar gidaje shida ba.

Baba Tsohon Waya: Yarana sannunku. Auwalu, akwai abin da duka biyun suka taɓa ba su zauna a kai ba, kuma shi ne ya kamata ka fara riƙewa. Lambar nan ta fuskar inji ba awo ba ce, kintace ce. Inji ba ya tura haske ta cikin waldarka ya ga nawa ya fita. Kyamara ce da shi guda biyu, yana kallon hoton gilashin ta gefe, ya duba kusurwar yanka, ya duba ko bakin ya daidaita, ko akwai kumfa, sai ya ce "a ganina 0.02". Na Japan ma haka yake yi, kintacensa ne dai ya fi kusa da gaskiya. Sannan daga lokacin da ka buɗe murfi ka ɗauke silin, inji ya gama da kai. Abin da ya faru a tandar gasa rigar haɗi, da abin da ya faru a farantin da ake nannaɗe sili a cikin tulu, da lokacin da ka danna murfin tulu ƙarfe uku na dare ido yana yaji, duk bai sani ba.

Mu da muka fara da tagulla, in ka murɗe waya biyu ka naɗe da salatif magana za ta wuce, ko da ƙara-ƙara. Gilashi ba ya yafiya haka. Silin nan kaurinsa maikiron 125 ne in ka fiɗe rigar, kamar gashin kai, hanyar hasken kuma da ke tsakiyarsa maikiron 9 ce kacal. Ka lanƙwasa shi fiye da kima, hasken ba ya bin kwana, ficewa yake ta gefe. Ni zargina yana kan farantinka. Wane irin tulu ne, kuma rarar sili nawa ka bari?

Auwalu Ɗan Koyo: Baba, wani ƙaramin tulu ne, farantinsa biyu, kowanne na 12. Gaskiya na bakwai ɗin sau uku ina sake shi, yanka yana ƙin kyau, har ya gajarce. Da ƙyar na zagaya da shi.

Baba Tsohon Waya: To ai ka ba kanka amsa, ɗana. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan sudir muke ce wa waldar, injin kuma sudas, amma ciwon ɗaya ne. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yankan da ya ƙi har sau uku. Lokacin buji ne yanzu. Ƙura ƙwaya ɗaya ta zauna a kwarin da sili yake kwanciya, ta ɗaga shi, sai inji ya yi ta kuka yana cewa kusurwa ta yi yawa, kai kuma kana zargin wuƙa. Mu in za mu yi aiki a hanyar daji cikin mota muke shiga mu rufe gilas, zafi ya dafa mu, ya fi a sake aiki. In babu mota, lema da zani. Kuma a bar hura wa inji iska da baki, yawu kake fesa masa.

Auwalu Ɗan Koyo: Malam, a bakin kwata muka zauna, kan benci, fitilar waya a baki. Babu mota babu lema.

Maman Ilham: Allah sarki. Ni a ɗakin sa ido nake aiki, mu ne masu kiran ku ƙarfe biyu na dare muna cewa a yi sauri, don haka ku yafe mana. Amma Auwalu, mu a allo muna ganin hasken da kowace rauta take karɓa da wanda take maidowa. Da ka kira naku kafin ka rufe tulu ka ce a karanta maka kowane layi, da tun a daren ka san na bakwai yana da matsala, faranti yana buɗe a gabanka. Kullum faɗana da yaranmu ke nan: suna ganin fitila ta yi kore sai su rufe su binne su hau babur. Kore ba ya nufin lafiya, layin da ke -26 ma kore yake nunawa, sai rana ta buga ko mota ta taka wurin ya faɗi.

Sani Kuloja: Hajiya, ku kuna cikin sanyin na'ura kuna shan shayi. Wanda ake biya a kan kowace walda, ba a kan awa ba, kuma a ce layi ya dawo cikin awa huɗu ko a yanke masa kuɗi, shi ne zai zauna jiran a karanta masa layi 24?

Maman Ilham: Minti goma ne, Malam Sani. Yanzu ga shi kwana biyu yana yawo, zai sake haƙa, zai sake sayen mai, har da maganar aron inji. Wanne ya fi tsada?

Nura Mai Shago: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ba ma'aikaci ba ne, kafe gare ni, na shigo rukunin nan ne don in riƙa gane abin da masu gyara suke gaya mini. Wai gilashi ake yi wa walda da gaske? Da me ake liƙe shi?

Garba OTDR: Alhaji Nura, ba a sa komai, gilashin ne yake narkewa ya haɗe da ɗan'uwansa. Ka fara zura 'yar riga a gefe ɗaya, wannan in ka manta sai ka karya ka sake, kuma babu wanda bai taɓa mantawa ba. Ka fiɗe fentin da ke jikin silin, ka goge da sifirit mai ƙarfi, na kashi 99, har ka ji yana ƙara ƙiii a tishu. Ka sa a kiliba ta yanke shi, bakin ya fito a miƙe, karkatarsa kada ta kai digiri ɗaya. Daga nan kada bakin ya taɓa komai, ko yatsa ko tishu. Ka kwantar da biyun a inji, ya matso da su, ya daidaita, sai wuta ta tashi tsakanin allurai biyu ta narkar da bakunan, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa an gama. Sai ka jawo rigar nan kan wurin, a cikinta akwai ɗan ƙarfe siriri da yake hana lanƙwasa, ka sa a tanda ta tsuke. Shi ke nan. A baki sauƙi gare shi.

Nura Mai Shago: Ikon Allah. To ni wanda ya sa mini nawa ban ga ya zo da inji ba. Wani ɗan kai ya maƙala a bakin wayar ya danna.

Sani Kuloja: Kanektar gaggawa ke nan, abin da ya lalata sana'ar nan. Duk yaron da ya sayi kiliba da filaya yanzu injiniya ne.

Ɗan Jos: Oga Sani ka cika zafi. Kanektar gaggawa tana da wurinta. A cikin gida, kai ɗaya, a bayan rauta, in an yanka da kyau 0.3 zuwa 0.5 za ta ci, lissafi zai ɗauka. Kamfanin da yake sa wa gidaje talatin a rana ba zai ba kowane yaro injin walda ba. Inda nake faɗa da ita shi ne a waje, kan fol, cikin akwatin da rana take dafawa. Ai ba haɗewa gilashin ya yi ba, sumbatar juna kawai suke, da ɗan man da ke tsakani. Zafi da ƙura su yi shekara a kai, ko wani ya ja wayar, sai a fara kira.

Baba Tsohon Waya: Ni a gidan da nake so a daina kirana, wutsiya nake yi wa walda, wato guntun sili mai kanekta a baki ɗaya. Kan an goge shi tun daga masana'anta, ni nawa haɗi ɗaya ne. Amma ban ce wanda ya sa ta gaggawa ya yi zunubi ba.

Ɗan Jos: Wani abu kuma da ba a faɗa ba, Auwalu yaushe rabonka da gwajin wuta? Mu nan muna sama da mita 1,200, iska ba ta da nauyi kamar ta Legas ko Kano. Inji in an kawo shi daga ƙasa dole a sa ya sake daidaita wutarsa, in ba haka ba ko ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Haka in yanayi ya juya, daga damina zuwa hunturu. Allurai ma suna cinyewa, bayan 'yan dubban walda sai a canza. Na san masu injin miliyoyi da ba su taɓa canza allura ba, kuma su ne masu zagin ɗan Caina.

Sani Kuloja: In da ni kake, nawa allurai sababbi ne. Kuma bari in faɗi inda nake tsaye don kada a ce gardama nake. A layin unguwa mai kilomita shida, ɗan Caina zai fitar da kai, ban musa ba. Amma hau babban layi tsakanin gari da gari. Kowane diram na kebul kilomita huɗu, a tazarar kilomita 80 kana da haɗi kusan 20 tun kafin katafila ta fara ƙara maka nata. Kowane haɗi ya ƙara 0.1 a kan abin da ya kamata, dB biyu sun tafi a banza, wato kamar ka ƙara wa layin kilomita goma. A nan ne injin da yake daidaita tsakiya da tsakiya yake bambanta da wanda yake jera bayan gilashi kawai ya yi fatan alheri. Masu karɓar aiki kuma ba ruwansu da labari, takardar OTDR suke dubawa.

Garba OTDR: Yanzu ka yi magana. A wannan ba mu da saɓani. Tunda an zo kan takardar OTDR, a riƙa harbawa ta gefe biyu don Allah. Musamman irin aikin Auwalu da aka sa guntu a tsakani, wataƙila ma ba kamfani ɗaya ya yi kebul ɗin ba, ko tsohon gilashinsa samfurin G.652 ne, sabon kuma G.657. Ta gefe ɗaya za ka ga haɗi ya ci 0.25, ka zo ta ɗayan ka ga wai ƙaruwa ma haske ya yi. Walda ba ta ƙara haske, bambancin gilashin ne yake ruɗar na'ura. Ka haɗa biyun ka raba biyu, shi ne gaskiya. Na taɓa ganin an sa yaro ya karya haɗi ɗaya sau biyar saboda wannan, kuma tun na farko lafiya yake.

Auwalu, ga abin da za ka yi. Kada ka ari injin walda, OTDR za ka ara, ko ka roƙi mai ita ya zo. A zare layin daga ofis tukuna. Ka harba da haske mai zango 1310, ka sake da mai zango 1550. In walda ce ta lalace, asarar za ta zo kusan ɗaya a duka biyun. In lanƙwasa ce, 1550 za ta ninka ta 1310 nesa ba kusa ba, don dogon zango ya fi saurin zubewa a kwana. In OTDR ta gagara, buɗe tulun da daddare ka sa fitilar gwaji mai tura jan haske cikin sili, inda ya matse za ka ga ja yana tsartuwa.

Maman Ilham: Kuma kada ka leƙa bakin sili da ido don ka ga ko akwai haske. Wanda ke fitowa daga ofis ba a ganinsa, amma yana ƙona ido. Mita ce idonka.

Baba Tsohon Waya: Da guntayen da kiliba take yankewa. A liƙe su a salatif a jefa a kwalba. Ɗaya ya taɓa shiga tafin hannuna, sati uku ina jinsa ba na ganinsa, madubin likita ma bai nuna shi ba, sai da ya yi ruwa ya fito don kansa. Tun daga ranar ba a cin abinci a kan teburin aikina.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ke ba ni mamaki da ku, kullum katafila, kullum katafila. Ba a sanar da ku kafin a fara haƙa?

Garba OTDR: Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A 2024 shugaban Najeriya ya sa hannu a dokar da ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, lalata su laifi ne babba. Amma direban katafila bai san da ita ba, shi dai an ce ya haƙa daga nan zuwa can. Mu ma da namu laifin, wani kebul ɗin ko taku biyu bai kai ba a ƙasa, babu kintinkirin gargaɗi a samansa, babu alama a gefen titi. Ga 'yan jari bola, su yanke su ƙona suna neman tagulla, su tarar da gilashi da roba, su watsar. Su ba su samu ba, mu ba mu yi barci ba.

Mai Kula da Rukuni: Jama'a a yi haƙuri, na goge tallan kiliba da wani ya saka. Ranar Juma'a ce ranar talla. A ci gaba.

Auwalu Ɗan Koyo: Assalamu alaikum. Na dawo da labari. Wani ɗan'uwa a rukunin nan ya zo da OTDR da safe, Allah ya saka masa, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Daidai tuluna ta nuna: 1310 ta ci 1.1, 1550 ta ci sama da 7. Muka tono muka buɗe. Wallahi kunya ta kama ni. Silin nan na bakwai da ya gajarce, na ja shi ya yanke kwana maimakon ya bi zagayen faranti, sannan da na ɗora faranti na biyu sai gefensa ya danne shi. Ina ɗaga farantin, muna waya da ofis, suka ce layin ya koma -22 tun ban taɓa walda ba. Na ƙara fiɗe kebul ɗin na sami rara, na sake haɗawa da injina ɗan Caina, aka harba ta gefe biyu ya ba da 0.04. Sauran ma mun bi su, akwai biyu da suka haura 0.1, na karya na sake.

Sani Kuloja: Biyu da suka haura. Na faɗa ko ban faɗa ba?

Garba OTDR: Ka faɗa, Sani. Biyu cikin 24, a bakin kwata, da fitilar waya a baki.

Auwalu Ɗan Koyo: Saura gida ɗaya, shi ya tsaya a -26 bayan sauran biyar sun koma daidai. Na je na duba, ashe lokacin da intanet ɗin yake yankewa yaron gidan ya ɗauka igiyar bayan rauta ce, ya je kasuwa ya sayo wata. Mai shuɗin kai ya sayo ya cusa a ramin kore.

Nura Mai Shago: Af, launin ma yana da magana? Ni na ɗauka ado ne.

Ɗan Jos: Alhaji, kore bakinsa a jirge aka goge shi, digiri takwas, shuɗi kuma a miƙe. Ka haɗa su ba sa zama baki da baki, iska tana shiga tsakani, haske ya zube, kuma in an danna da ƙarfi su kan ƙuje juna. Auwalu, duba ramin rautar da kyau kafin ka sa sabuwa, wataƙila ya ji rauni.

Auwalu Ɗan Koyo: Na goge na sa kore, ya ba ni -22.4, na bar shi haka. Oga dai har yanzu cewa yake in tara kuɗi in canza inji.

Baba Tsohon Waya: Ka tara, ba laifi. Amma kafin nan sayi lema da fitilar goshi, kuma juya wuƙar kilibarka zuwa lamba ta gaba, yanka uku a sili ɗaya ba ƙura kaɗai ba ce. In ba ka san yadda ake juyawa ba, turo mini hotonta ta gefe in nuna maka dunƙulen da za ka sassauta.